Amsar da Gwamna Ya Haɗiye

Funtuwa, 3 ga Yuli

Zuwa ga Gwaggo Tsohuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Ya damina? Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Gwaggo, ni ce Zakiyya, 'yar Alhaji Awaisu Mati ta uku, wadda kika taɓa yi wa kitso tana kuka har maƙwabta suka leƙo. Na san an daɗe. Na kira wayarki sau biyu, aka ce mini kunne ya yi nauyi, kuma kin ce duk mai magana da ke ya rubuto, karatu bai gagare ki ba tukuna. To ga shi na rubuto. Malam Lawal direba, mai jigila tsakanin Funtuwa da Malumfashi, shi zai kawo miki, shi zai karɓo amsa in da ita.

Baba zai cika shekara tamanin a watan Nuwamba, mu 'ya'yansa muna haɗa ɗan littafi a kan rayuwarsa. Shekarunsa na gwamna ba su ba ni wahala ba. Jaridu sun rubuta, tsofaffin kwamishinoninsa kuma kowa ya aiko da shafi uku, biyu a kan kansa, ɗaya a kan Baba. Abin da na rasa shi ne ƙuruciyarsa. Duk wanda na tambaya sai ya ce tun yana yaro an ga alamar shugabanci a tare da shi, kai ka ce da jiniya aka haife shi. 'Yan'uwansa na ciki ɗaya duk sun rasu. Mahaifiyarki ƙanwar mahaifinsa ce, a gida ɗaya kuka tashi a Unguwar Gamji, ke kaɗai kika rage wadda ta san shi tun bai san kansa ba.

Jikin nasa da sauƙi. Tun shanyewar ɓarin jiki da ta same shi bara ƙafar hagu ba ta ɗaukarsa, amma kansa garau yake. Zuciyar ce likita yake sa wa ido. Ni na baro Kaduna na tare a nan ina jinya.

Ki rubuto duk abin da kika tuna, komai ƙanƙantarsa. Ki huta lafiya.

'Yarki,
Zakiyya Awaisu

Malumfashi, 11 ga Yuli

'Yata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Na tuna ki, na tuna kukan. Gashinki ne mai tauri, hannuna ba shi da laifi. Damina ta yi kyau, masara ta kai ƙugu, sai dai taki ya fi ƙarfin mutane. Allah ya ba Mai Girma tsohon Gwamna lafiya, ya sa kaffara ne.

Ga abin da na sani, ki tsinci wanda zai yi miki amfani.

An haifi Mai Girma a Unguwar Gamji, shekarar da ruwa ya tafi da gadar katako ta hanyar Malumfashi. Ya girme ni da wata bakwai. Mahaifinsa, Kawu Mati, manomin auduga da dawa ne, mutum mai kaushin hannu da kaushin baki. Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko, Kawu ya jera 'ya'yansa maza huɗu a tsakar gida, ya duba, ya ba da Mai Girma. Dalilin da ya sa ya zaɓe shi ba na littafi ba ne. Ni kuma mahaifina malamin asibiti ne, shi ya kai ni da kansa, aji ɗaya muka zauna shekara huɗu.

Da ya gama karatu ya zama malamin gona. A keke yake yawo ƙauye ƙauye da igiya a bayansa, yana koya wa mutane shuka a layi. Tsofaffi suna cewa tun zamanin kakanninsu dawa ba ta taɓa neman a jera ta kamar sojoji ba. Bayan shekara uku duk suna jerawa, kowa yana cewa shi ya fara.

Inda sunansa ya fito shi ne kasuwar auduga. An sa shi a kan sikeli a Funtuwa. Kafin shi, mai awo yakan sa ƙafa ko gwiwa ya rage wa manomi nauyi, kowa ya sani, ba mai cewa uffan. Mai Girma ya zo ya ce manomi ya zagayo ya karanta sikelin da idonsa, wanda bai iya karatu ba ya kawo ɗansa. Sau biyu aka nemi a kore shi a kan haka. Daga Bakori har Kafur babu rumfar da ba a san Awaisu mai sikeli ba, kuma wannan sunan ne ya ci masa zaɓe, duk abin da 'yan siyasa za su gaya miki daga baya. Ya yi shugaban ƙaramar hukuma, ya yi kwamishinan gona, ya yi gwamna shekara huɗu.

Ki rubuta hanyar da ya yi daga bakin titi zuwa ƙauyukanmu, har yau ana binta. Ki rubuta madatsar ruwa, da ita ake noman tumatir da rani. Ki rubuta makarantun 'yan mata, wannan ni shaida ce, a ciki na yi aiki. Motocin noma da ya sayo kuwa ba su kai damina uku ba, ba a tanadi mai gyara ba, suna nan bayan sakatariya awaki na haihuwa a ƙarƙashinsu. Ki sa wannan ma, littafin da babu kuskure a ciki ba mai yarda da shi.

Sauran kin fi ni sani. Jam'iyyarsa ta hana shi zagaye na biyu, ya koma wata ya tsaya ya faɗi, ya nemi sanata bai samu ba, ya dawo ta farko aka karɓe shi da tafi aka ajiye shi a kujerar gaba.

Kin ce in rubuto abubuwan ƙuruciya. Akwai su, amma ba su dace da mutum mai matsayinsa ba. Ki miƙa gaisuwata ta girmamawa ga Mai Girma, Allah ya ƙara masa daraja.

Gwaggonki,
Tsohuwa

Funtuwa, 19 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Shafinki biyu sun fi duk tarin da kwamishinoni suka aiko. Labarin sikeli ban taɓa jinsa ba, ni da nake 'yarsa.

Na karanta wa Baba bayan la'asar, yana kan kujerarsa a baranda. Na zaci zai ji daɗi. Ya saurara ido a rufe har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Koma farko." Na koma. Da na zo wurin addu'ar da kika yi masa sai ya ɗaga hannu.

"Haka ta rubuta? Mai Girma?"

Na ce, "Haka ta rubuta, Baba."

"Da hannunta?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon rubutun. Can ya ce, "Ba ta ce komai ba a kan kunnuwana?"

Na ce babu zancen kunne ko ɗaya. Ya ce to, a mayar da shi ɗaki. Ranar bai ci tuwo ba.

Washegari na matsa masa, sai ya ce, "Ke ba za ki gane ba, a Kaduna kika tashi. Tsohuwa taubashiyata ce. Tun muna tsirara ba ta taɓa gaishe ni ba sai da zagi." Duk yadda na juya zancen bai ƙara ba.

Gwaggo, bari in gaya miki yadda gidan nan yake yanzu. Da, in ji masu gadi, mota har bakin titi. Yanzu a mako mutum huɗu ko biyar ne. Su durƙusa, su ce ranka ya daɗe, su yabi madatsar ruwa, sannan su fito da takardar ɗansu mai neman aiki. Abokansa na makaranta sun ƙare. Mu muna ce masa Baba, iyayenmu mata suna ce masa Alhaji, likita yana ce masa Yallaɓai. Ya taɓa ce mini ya manta yadda sunansa yake a bakin mutum in ba a jingina masa komai ba. A lokacin na ɗauka hira ce kawai.

Na sake karanta takardarki ni kaɗai. Ko sau ɗaya ba ki kira shi da sunansa ba sai inda kika faɗi laƙabin da manoma suka sa masa. Na kuma tuna duk zuwan da kika yi gidan nan, biki ko rasuwa, daga bakin ƙofa kike durƙusawa ki gaishe shi kamar baƙuwa, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya faru tsakaninku? Ba don littafi nake tambaya ba.

Ki gafarce ni in na yi zurfi.

'Yarki,
Zakiyya

Malumfashi, 2 ga Agusta

'Yata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Na jinkirta amsa, ina shawara da kaina. Tunda kin tambaya kai tsaye zan gaya miki kai tsaye.

Ku 'yan birni kun ɗauki wasan taubasai ɗan tsokana ne da ake yi ranar biki. A wurinmu ya fi haka. Ɗan mace da ɗan namiji, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi, ba a kai ƙara, ko a gaban hakimi ne. Sharaɗinsa ɗaya: in an jefe ka, ka rama. Ramawar ita ce shaidar cewa jini ɗaya ne. Wanda taubashinsa ya zage shi ya amsa da ladabi, ya ce da shi ban san ka ba ke nan.

Muna 'yan shekara goma mahaifinki ya shiga fadamar Malam Jibril ya karyo rake, aka kama shi, aka ɗaure shi a gindin mangwaro har azahar. Tun ranar nake ce masa ɓarawon rake. Na faɗa ranar aurensa, na faɗa ranar da ya zama shugaban ƙaramar hukuma a gaban dagatai, kuma bai taɓa barina na tafi da ita ba. Bakinsa ya fi nawa kaifi, sau da yawa ni ke komawa gida da kunya.

A shekararsa ta biyu a gwamna ya zo buɗe madatsar ruwa. Ni ce shugabar makarantar 'yan mata a lokacin, na jera ɗalibaina a bakin hanya da tutoci tun hantsi. Ya sauko daga mota yana bin layi yana gaisawa da mutane. Rabona da shi tun ranar da aka rantsar da shi. Da ya zo daidai ni na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ɓarawon rake ya zama gwamna, kowa ya je ya tsare fadamarsa."

A lokacin ana ta surutun wasu motocin taki da suka ɓace a hanya, 'yan adawa suna cewa da saninsa. Na san da zancen, ba zan ce miki ban sani ba. Lissafina na ƙauye ne. A ƙauye in ana raɗa a kan mutum, taubashinsa ya fito fili ya kira shi ɓarawo, ya rama, aka yi dariya, raɗar ta mutu. Rabin mutanen da ke wurin sun san ko ni wace ce, har sun fara murmushi suna jiran su ji da me zai dawo. Ban lissafa da masu ɗaukar hoto ba, wannan kuskurena ne. Kuma a ƙasan zuciyata ina so in ga ko yana nan a cikin babbar rigar.

'Yan sanda biyu suka yo kaina. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale ta." Ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Hajiya, gwamnatinmu tana girmama ra'ayin kowa. Allah ya ba ki haƙuri." Ya wuce.

Masu murmushi suka daina. Wata tsohuwa daga garinmu da ke bayana ta ce a hankali, "Ya yar da ke, Tsohuwa." Ɗalibaina suna kallona, tutocin suna hannunsu.

Tunda bai rama ba, maganata ta tashi daga wasa ta zama zagin gwamna. Bayan mako biyu takarda ta zo, an sauke ni daga shugabanci an tura ni wata makarantar ƙauye can bayan Matazu, aji biyu, ɗaya ba rufi. Shekara biyar na yi a can har na yi ritaya. Ban yarda shi ya ba da umarni ba, aikin masu neman suna ne. An ce babu mugun sarki sai mugun bafade. Ni dai abin da na gani, sarkin bai tambayi inda nake ba. Da shekara ta zagayo ya aiko mini da kujerar Makka ta hannun sakatarensa. Na je, aikin Allah ne, ba a mayar da shi.

Kada ki ɗauka canjin wurin aikin ne ya dame ni. Yaran can ma 'ya'yan mutane ne, har yau wasunsu suna kawo mini wake. Hajiyar nan da ya ce ita ce. Ta yi mini ciwo, kuma har yanzu tana yi. Ya ba ni girma a gaban jama'a, na karɓa, shekara ashirin da huɗu ke nan ina mayar masa da irinsa ba ragi.

In kin ga dama ki karanta masa, in kin ga jikinsa ba zai ɗauka ba ki ƙona. Ki gaishe da iyayenki mata.

Gwaggonki,
Tsohuwa

Ofishin Tsohon Gwamna,
Funtuwa, 12 ga Agusta

Zuwa ga Hajiya Tsohuwa,
Malumfashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, tare da fatan alheri gare ki da iyalanki.

An karanta mini takardar da kika aiko wa 'yata Zakiyya, mai kwanan wata 2 ga Agusta, kuma na fahimci abin da ta ƙunsa. Ina so in tabbatar miki cewa sauyin wurin aiki da aka yi miki a wancan lokaci ba da sanina aka yi ba, kuma ban samu labarinsa ba sai bayan shekara guda. Duk da haka, a matsayina na shugaba a lokacin, na ɗauki alhakin abin da ya faru, musamman rashin gyara shi bayan na sani.

Game da kalaman da na yi ranar buɗe madatsar ruwa, yanayin da ake ciki ne ya tilasta su, babu nufin cin zarafi.

Bisa ga haka nake neman afuwarki, tare da jinjina wa gudummawar da kika bayar a fannin ilimin 'ya'ya mata. Ƙofar gidana a buɗe take gare ki a kowane lokaci.

Allah ya bar zumunci.

Alhaji Awaisu Mati
(Tsohon Gwamna)

Malumfashi, 16 ga Agusta

Zuwa ga Mai Girma tsohon Gwamna,
Alhaji Awaisu Mati.

Ranka ya daɗe, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardar Mai Girma ta iso, na karanta, na gode da wannan karamci. Ban cancanci shugaba kamarka ya nemi afuwata ba. Babu komai, na yafe duniya da lahira, ni ma a yafe mini rashin ladabin da na yi a gaban jama'a.

Na sa takardar a cikin akwati tare da ta ritayata, tunda hatiminsu iri ɗaya ne.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da nisan kwana.

Mai biyayya,
Hajiya Tsohuwa

Funtuwa, 9 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, asibiti muka yi. Kwana biyu bayan amsarki ta zo numfashin Baba ya sarƙe, muka kwana tara a can. Ban ce takardarki ce ta jawo ba, likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya. Sun sallame mu da tulun iskar numfashi da magunguna, kuma likitan ya ja ni gefe ya ce duk wanda ya kamata ya zo ya gan shi, a gaya masa kada ya jira kaka. Bikin Nuwamba mun daina zancensa, littafin ma na ajiye.

Waccan takardar mai hatimi ban gan ta ba sai da ta tafi. Tsohon sakatarensa ya kira, suka rufe ƙofa suka tsara ta. Da amsarki ta zo ya karanta da kansa, ya ce, "Ta yafe." Ya ninke, ya sake cewa, "Ta yafe," kamar wanda aka yi wa ta'aziyya.

Da muka dawo gida na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, takardar da ka aika wa Gwaggo irin wadda ake aika wa ɗan kwangila ce."

Ban taɓa yi masa magana haka ba, na zaci zai kore ni. Sai ya ce, "To me zan ce mata? Shekara arba'in in zan yi magana sai an rubuta mini an duba."

Na ce, "Ranar ba ka da abin da za ka mayar mata ne?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Ni? Tun kafin ta rufe baki na haɗa ta. Tana nan har yau, ko harafi bai zube ba."

Na ce ya faɗa in rubuta. Ya ce a'a, wannan ba ta bi ta hannun kowa. Ya sa na kawo masa biro da littafin awon jininsa, ya yage shafi biyu daga baya. Kwana uku ya yi yana rubutawa, layi biyu ya huta. Ga ta nan a ciki. Ban gyara komai ba, ban ma karanta ba, ya liƙe ta da kansa.

Gwaggo, ban isa in ce ki yi kaza ba. Kin fi shi gaskiya, shi ma ya sani. Amma ina jin tsoro, kuma lokacin da ya rage ba shi da yawa.

'Yarki,
Zakiyya

Tsohuwa,

Sallama, in za ki ji, tunda an ce kunnen ya mutu. Allah ya yi wa mutanen Malumfashi rahama da bai fara da bakin ba, da gari ya yi shiru sun kasa barci.

Ranar nan ina da amsa. Ɗan sanda a damana, mai hoto a haguna, tun a mota an ja mini kunne kada in tanka duk abin da ya shafi sata. Na ji tsoro. A raina na hango hotona a jarida ina dariya an kira ni ɓarawo. Na haɗiye ta, ta tsaya mini a wuya har yau. Ga ta:

Jama'a, gaskiya ta faɗa, na saci rake. Amma ku tambaye ta wa ya tsaya gadi a bakin fadama, ya ga Malam Jibril ya ruga bai yi ko tari ba, sannan ya koma ya shanye raken ina ɗaure. Ɓarawo ya zama gwamna, abokiyar satarsa kuma ku kuka ba ta 'ya'yanku ta koya musu tarbiyya. Ni da ku wa ya fi shiga uku?

Da na faɗa da har 'yan sandan sun yi dariya. Na sani.

Kin gaya wa yarinyar nan dalilin kai ni boko ba na littafi ba ne. Ki gaya mata. Babanmu ya ce ni kaɗai ne in na yi noma ciyawa take gode mini. Ki gaya mata har da faɗuwata a rijiyar masallaci. Amma in kin faɗa, ni ma zan faɗi ranar da kika gudu daga ɗakin jarrabawa saboda ƙadangare.

Yafiyarki ki riƙe abarki, ban san inda zan ajiye ta ba. Kowa a gidan nan yafe mini yake yi. Zaginki nake nema, na yi kewarsa.

Awaisu

Malumfashi, 13 ga Satumba

Awaisu,

Wa alaikas salam. Na ga rubutun. Da ɗalibina ne ya kawo mini shi, da ya sha bulala, amma a wurin wanda ya yi gwamna ba laifi.

Amsar ta yi, sai dai ta kwana. Kuma ƙarya kake, na yi tari, kai ne haɗama ta toshe maka kunne.

Ina tafe ranar Laraba a motar Lawal. A dama mini fura, kada a kawo mini lemon gwangwani. Ka kori sakataren nan kafin in iso, abin da na tara maka ba na gaban baƙo ba ne.

Zakiyya ta ce likita yana gaggawa. Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da huɗu kafin ya mayar da magana ɗaya, ba a kan mutuwa zai fara sammako ba.

Ka jira ni.

Taubashiyarka,
Tsohuwa